KYAFTIN GOLOBA, BATUREN DA YA ƊORA WA HAUSAWA BINDIGA A IKKO

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai waiwayi wani Bature ne da ya mutu tun shekarar 1885, wanda da yawa daga cikinmu muke bi ta titin da aka sa wa sunansa ba tare da mun san ko wane ne shi ba. Duk wanda ya taɓa kai kaya Ikoyi ko ya yi gadi a can ya san titin Glover, akwai wani kuma a Ebute Meta, ga kuma tsohon ɗakin taron nan na Glover Memorial Hall a cikin tsibirin Ikko. Mai wannan suna shi ne John Hawley Glover, wanda Yarabawan zamaninsa suke kira Oba Goloba. Mu ma da Goloba za mu riƙa kiransa, don ya fi sauƙi a baki.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da Baturen mulkin mallaka, alhali ba mu gama ba da tarihin malamanmu da sarakunanmu ba? Ai kuwa muna da ruwa da tsaki. Rundunar 'yan sandan Nijeriya da rundunar soja, dukkansu idan suna ba da tarihin kafuwarsu sai sun biyo ta kan wasu 'yan tsirarun mutanen Arewa da aka ɗauka aiki a nan Ikko, waɗanda aka sani da Hausawan Goloba. Su ma baƙi ne a wannan gari kamar yadda muke, da harshenmu suke magana, yawancinsu kuma alƙiblarmu ɗaya. Saboda haka labarin Goloba wani yanki ne na labarin zamanmu a Kurmi, akwai daɗi a cikinsa, akwai kuma ɗaci.

HAIHUWARSA DA AIKIN JIRGIN RUWA

An haifi Goloba ranar 24 ga Fabrairu 1829 a wani ƙauye da ake kira Yateley a kudancin Ingila. Ubansa limamin coci ne, ya kuma yi aiki a birnin Kolon na ƙasar Jamus. A 1841, yana ɗan shekara 12 kacal, aka sa shi aikin sojan ruwa, domin a wancan zamani tun yaro bai san ciwon kansa ba ake miƙa shi ga jirgi ya koyi aiki. A cikin jirgi ya girma, a nan ya koyi awon zurfin ruwa da zana taswira, sana'ar da daga baya ta kawo shi ƙasarmu. Ya sami muƙamin laftana a 1851.

Bai daɗe da samun wannan muƙami ba Ingila ta shiga yaƙinta na biyu da Bama, wato ƙasar nan da kakanninmu suka je yaƙi kusan shekara 90 bayan haka. A watan Fabrairu 1853, a wani wuri da ake kira Donabew, mayaƙan Bama suka yi wa Turawa kwanton ɓauna a cikin kurmi, aka kashe shugaban tafiyar, Goloba kuma ya sami mummunan rauni a fuska. Da ya warke ya koma bakin aiki, aka kuma ba shi riƙon wani ƙaramin jirgi mai tafiya da tururi. Da a ce abin ya tsaya nan, da ya ƙare rayuwarsa a matsayin ɗaya daga cikin ɗaruruwan hafsoshin ruwan Ingila da ba wanda ya san da su a yau.

HAƊARI A JEBBA

A 1857 gwamnatin Ingila ta shirya tafiya ta hawa Kogin Kwara a ƙarƙashin wani likita mai suna Baikie, da nufin buɗe hanyar ciniki da sarakunan Nufe da na ƙasar Hausa. Aka haɗa shi da Goloba don ya auna kogin ya zana taswirarsa. A cikin jirgin nasu, mai suna Dayspring, har da Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben nan da aka taɓa kamawa bawa yana yaro, wanda daga baya ya zama bishop. A watan Oktoba na shekarar jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Mutanen sun tsira da rayukansu, amma sai da suka share wajen shekara guda a bukkoki a bakin kogi kafin wani jirgi ya zo ya kwashe su.

Wannan zaman dole shi ya juya rayuwar Goloba. Maimakon ya zauna jiran tsammani, sai ya ci gaba da awon kogi har wajen Busa, sa'an nan ya bi hanyar fatake ta ƙasa, ta cikin ƙasar Yarabawa, ya sauko Ikko, daga nan ya shiga jirgi zuwa Saliyo. A can Saliyo ya tarar da Hausawa da sauran mutanen Arewa waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi a teku aka sauke su a Firitawun, wasunsu kuwa ba abin da suke so irin su koma gida. Ya ɗebi wasu daga ciki su raka shi. Da suka iso Ikko suka kama hanyar komawa Kwara, sai bayi 'yan Arewa da ke hannun iyayengijinsu a garin da kewaye suka ji labarin ga Bature zai yi Arewa da ayari, suka riƙa sulalewa suna bin sa. Masu bayi suka fusata, aka yi ta tare masa hanya, mutanen nan kuwa suka tsaya masa tsayin daka, don sun san in aka kama su kashinsu ya bushe. A wannan tafiya ce Goloba ya gane abin da ya riƙe har ƙarshen zamansa a Afirka, wato mutumin da ya gudo daga bauta, ba shi da dangi ba shi da gona a inda yake, zai bi wanda ya tsare masa 'yancinsa ko'ina ya nufa.

Ya kamata mu tsaya kaɗan mu ga yadda aka yi mutanen Arewa suka yi yawa haka a Kurmi a matsayin bayi. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da rushewar tsohuwar daular Oyo, da yaƙin basasar Yarabawa da ya ɗauki shekaru masu yawa, duk sun cika kasuwanni da kamammu. Wasu aka sayar da su ga jiragen Fotugal aka haye da su Birazil, wasu kuma aka riƙe su a Badun da Abekuta da Ijebu da Ikko suna noma, suna kiwon dawaki, suna aski da ɗaukar kaya. Kuma ba dukkansu ne Hausawa na asali ba. Akwai Nufawa, akwai Barebari, akwai Gwarawa da sauran ƙabilu, amma tunda da Hausa suke fahimtar juna, sai Bature da Bayarabe suka haɗa su duka suka kira su Hausawa. Har gobe ma ai haka abin yake, duk wanda ya sauko daga mota a Agege ko Mile 12 da hula a kansa, sunansa Bahaushe.

IKKO A HANNUN GOLOBA

Tun a watan Disamba 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko suka ɗora Akitoye. Ranar 6 ga Agusta 1861 kuma aka matsa wa ɗan Akitoye, Sarki Dosunmu, ya sa hannu a takardar miƙa garin ga Ingila, aka yanka masa fansho na buhu 1,200 na wuri a shekara. A wannan shekara ce wani ɗan kasuwa, William McCoskry, wanda Yarabawa suka yi wa laƙabi da Apongbon saboda jan gemunsa, ya riƙe mulkin garin na ɗan lokaci, a shekarar kuma aka kafa 'yan gadi mutum 30. Waɗannan mutum 30 su ne 'yan sandan Nijeriya suke ɗauka a matsayin tushensu. Goloba a lokacin yana riƙe da wani ƙaramin jirgin yaƙi da ke sintiri a tafkin Ikko. A 1863 aka ba shi riƙon gwamnatin garin, a 1864 ya zama sakataren mulki, daga 1866 zuwa 1872 kuma shi ne mai mulkin Ikko, sai dai yana ƙarƙashin babban gwamna da ke zaune a Saliyo.

Matsalar da ya tarar ita ce ta ƙarfi. Sojan Turawa zazzaɓi yana kashe su, sojan baƙar fata da ake kawowa daga tsibiran Karebiyan kuma suna da tsada, gwamnatin Landan kuwa ba ta son kashe kuɗi a kan wani ɗan tsibiri. Ɗaukar 'yan gari ma bai kwanta masa ba, domin ɗan gari yana da sarki, yana da dangi da surukai, ran da aka ce ya ɗaga bindiga a kan unguwarsu sai ya yi nawa. Sai Goloba ya tuna da mutanen da suka raka shi Kwara. Tarihin rundunar soja ya nuna cewa da mutum 18 ya fara a 1863. Kafin a jima sun zama ɗaruruwa, aka ba su kaki da bindiga, aka koya musu fareti, aka kira su 'yan sandan Hausa masu ɗauke da makamai. Aikinsu biyu ne a haɗe: a cikin gari su ne masu tsaron gidan gwamna da kama masu laifi, in kuma rigima ta tashi a bayan gari su ne soja.

Ga wanda ya gudo daga gonar ubangijinsa, shiga wannan runduna babban rabo ne. Ran da ya sa kaki, ba mai iya zuwa ya ce wannan bawana ne. Yana da albashi, yana da wurin kwana, yana iya aure ya kafa gida. Goloba kuma, ko maƙiyansa sun shaida, mutum ne mai tsaya wa yaransa, yana sauraron kukansu da kansa, bai kuma hana su addininsu ba. Saboda haka suka riƙe shi tamkar uba. Amma fa mu lura, biyayyar tasu ga shi Goloba take, sai kuma gwamnatin da ke biyansu. Ba su haɗa komai da mutanen da aka sa su tsaro ba, ba harshe, ba dangantaka, wasunsu ma suna da tsohon miki a zuci game da waɗanda suka bautar da su. Laƙabin da ya bi su a wancan zamani, wato ɓarayi arba'in na Goloba, ya isa ya nuna irin kallon da ake yi musu.

Da wannan ƙarfi a hannunsa Goloba ya yi mulki irin na mai gari, ba irin na ma'aikaci ba, abin da ya sa aka kira shi Oba ke nan. Tun a 1863 ya zargi Sarki Dosunmu da shirya tawaye, ya ci shi tara. Ya jawo manyan gari irin su Oshodi Tapa, jarumin Kosoko wanda shi ma asalinsa Banufe ne, da attajirin nan Taiwo Olowo, suka zama na hannun damansa. Ya gyara tituna, ya raba takardun mallakar filaye. Mutum ne mai zafin nama da son aiki, amma ba ya son a ce masa a'a.

IKORODU DA EBUTE META

Babbar rigimarsa da Egbawan Abekuta da Ijebawa ce. Kuɗin shigar Ikko daga harajin kaya yake fitowa, manja da auduga kuwa ta ƙasarsu suke biyowa, in sun ga dama su rufe hanya. Su kuma a nasu ɓangaren suna ƙorafin cewa Ikko ta zama mafakar bayinsu, har ma bawan da ya gudu jiya, yau ga shi da bindigar gwamnati. A watan Maris 1865 mayaƙan Egba suna kewaye da Ikorodu, Goloba ya ba su wa'adi su janye, suka ƙi. Ya haye da sojan Karebiyan da Hausawansa, aka yi ta harba musu roka, abin da ba su saba gani ba, suka watse da asara mai yawa. Daga ranar nan sunan sojan Hausa ya shiga ƙasar Yarabawa, kuma da ƙarar bindiga ya shiga.

Egbawa ba su manta ba. A watan Oktoba 1867 suka kori Turawan mishan daga Abekuta, aka farfasa coci-coci, Kiristocin Egba da yawa suka gudo Ikko. Goloba ya yanka musu fili a Ebute Meta, aka ja tituna a miƙe aka raba musu, abin da ya sa har yanzu sunansa yake a unguwar. Sai dai rigimar hanya ba ta ƙare ba. Ya yi ta ƙoƙarin buɗe wata hanya ta gabas da za ta kauce wa Egba da Ijebu, ya kuma toshe musu ciniki don su durƙusa, 'yan kasuwar Ikko kuwa, Turawa da baƙaƙe, suka ga kasuwa ta mutu suka yi ta kai ƙararsa. A 1872 sabon babban gwamna, John Pope Hennessy, ya zo ya warware yawancin abin da ya ƙulla. A shekarar Goloba ya bar Ikko, bai sake mulkinta ba.

YAƘIN TONAWA

Bai daɗe a gida ba sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Tonawa, wato Ashanti, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. A 1873 mayaƙan Sarki Kofi Karikari suka sauko har bakin teku. Goloba ya kai kansa ga gwamnati, ya ce in aka ba shi dama zai tara Hausawa da mutanen gabashin ƙasar ya bi ta Kogin Bolta ya ɓullo wa Kumasi ta baya. Aka amince, aka kuma naɗa Janar Garnet Wolseley ya jagoranci babbar runduna daga Kef Kos. Goloba ya kafa sansani a Ada, a bakin Bolta, tsofaffin yaransa na Ikko suka amsa kiransa. A Ankara ma ya nemi bayi 'yan Arewa su shiga, abin da ya haɗa shi faɗa da iyayengijinsu, har wasu suka riƙa ɗaure bayinsu don kada su gudu wurinsa.

Dubban mayaƙan da sarakunan yankin suka yi masa alkawari ba su yi masa rana ba, don su hankalinsu yana kan abokan gabarsu na tsallaken Bolta. Da umarni ya zo daga Wolseley, sai ya bar su, ya haye Kogin Pra ranar 15 ga Janairu 1874 da mutum 700 da 'yan kai, yawancinsu Hausawa da Yarabawa. Bayan kwana biyu aka yi artabu a wani ƙauye mai suna Abogu. A nan aka harbi wani samanja Bahaushe da takardun Turawa suka rubuta sunansa Braimah Doctor, wato dai Ibrahim. Wani hafsa, Kyaftin Reginald Sartorius, ya kutsa cikin ruwan harsashi ya ɗauko shi, amma raunin ya yi tsanani, bai tashi ba. An ba Sartorius lambar Victoria Cross, wadda ta fi kowace lambar jarunta daraja a Ingila. Shi kuwa Samanja Ibrahim, ba don wannan lamba da aka ba wani ba, da ko sunansa ba mu ji ba. Sauran 'yan'uwansa da suka kwanta a wannan kurmi Allah kaɗai ya san sunayensu.

Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya sa mata wuta bayan kwana biyu, ya juya da sauri don damina ta matso, ba tare da ya sami sa hannun sarki ba. Goloba ya iso kangon garin ranar 12 ga wata. Jin cewa ga wata runduna kuma ta ɓullo daga gabas yana cikin abin da ya sa Kofi Karikari ya aika manzanni suka cim ma Wolseley a Fomena, aka yi sulhu, aka ɗora wa Tonawa tarar oza 50,000 ta zinariya. Majalisun Ingila biyu suka yi wa Goloba godiya, aka ba shi lambar girma, ya zama Sir John Glover.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Daga nan ƙafarsa ta bar Afirka. A 1876 aka naɗa shi gwamnan Newfoundland, wani tsibiri mai tsananin sanyi da yanzu yake cikin Kanada, a shekarar kuma ya auri Elizabeth Rosetta Scott, yana da shekara 47. Daga 1881 zuwa 1883 ya yi gwamna a tsibiran Leeward na Karebiyan, sa'an nan aka mai da shi Newfoundland. Lafiya ta ƙi, ya koma Landan, ya mutu a can ranar 30 ga Satumba 1885 yana da shekara 56. Matarsa ta rubuta tarihinsa, aka buga a 1897. A Newfoundland akwai gari mai suna Glovertown, a Ikko kuma mutanen gari suka tara kuɗi suka gina ɗakin taron nan don tunawa da shi, inda a 1903 aka fara nuna majigi a ƙasar nan.

ABIN DA YA BARI

Rundunar da ya kafa ta fi shi tsawon rai. A 1879, lokacin Ikko tana haɗe da Gwal Kos a mulki, aka yi doka aka tsara ta a matsayin runduna mai mutum 1,200. Dabarar tasa ta yi wa sauran Turawa daɗi, har Jamusawa a Togo da Kamaru da Sarkin Beljiyam a Kwango suka riƙa neman Hausawa su ɗauka. A 1888 kamfanin Royal Niger ya kafa tasa rundunar, a 1894 aka kafa wata a Kalaba. A 1896 aka raba ta Ikko gida biyu, 'yan sandan gari daban, masu aikin soja daban. Ranar 1 ga Afrilu 1930 aka haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Nijeriya guda ɗaya. Louis Edet ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta a 1964, Kam Selem ya gaje shi a 1966, sai M.D. Yusufu a 1975. A zamanin mulkin Gowon ne kuma aka narkar da 'yan dokan En'e a cikinta. A bariki kuwa Hausa ta daɗe tana zaman harshen aiki, daga nan muka sami kalmomi irin su kofur da saje da samanja.

To amma ina aka juya bakin bindigar? A 1892 sojan Hausa suna cikin waɗanda suka ci Ijebu. A 1893 da su Kyaftin Bower ya zauna a Badun, a 1895 kuma ya buɗe wa Oyo wuta. A 1897 rundunar kamfani ta ci Bida da Ilori. Daga ƙarshe abin ya iso gida: a watan Fabrairu 1903 Kano ta faɗi, a watan Maris Sakkwato ta bi, a watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Turawan da ke cikin waɗannan yaƙe-yaƙe 'yan kaɗan ne, masu riƙe da bindigogin baƙaƙe ne, da yawansu kuma da Hausa suke magana. Sandar da aka sara don dukan Bayarabe, ita ce aka zo aka doki Bahaushe da ita.

Tsarin da Goloba ya tsaya a kai, wato a kawo baƙo ya tsare mutanen da bai sani ba, a ajiye shi a bariki nesa da jama'a, ya san gwamnati kaɗai, bai tafi da Turawa ba. An kafa 'yan sandan kwantar da tarzoma a farkon shekarun 1960, tsarin mulkin 1999 ya tanadi runduna ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya, dokar 'yan sanda ta 1943 kuwa sai a 2020 aka maye gurbinta da sabuwa. A watan Oktoba na wannan shekara ta 2020 matasa suka cika titunan Ikko da wasu garuruwa suna zanga-zanga kan cin zali, har aka rusa sashen SARS. Wanda ya san tarihin 1863 ba zai yi mamakin yadda aka daɗe ana neman amana tsakanin ɗan sanda da talaka ba a samu ba.

MU DA MUKE ZAUNE A NAN

'Yan'uwa, ba mu kawo tarihin Goloba don mu yabe shi ko mu tsine masa ba. Ya ba bayin Allah da aka wulaƙanta mafaka da mutunci a lokacin da ba su da kowa, wannan gaskiya ne. Ya yi haka ne don yana bukatar hannun da zai riƙe masa bindiga, wannan ma gaskiya ne. Su kuma mutanen nan ba mu da bakin zarginsu, don wanda bai ɗanɗani bauta ba bai san abin da zai yi ya fita daga cikinta ba. Sai dai ya kamata mu sani cewa masu masaukinmu suna da nasu tarihin da kakanninsu suka ba su, kuma a cikinsa akwai Bahaushe mai goro da shanu, akwai kuma Bahaushe mai kaki. In wani dattijo a Ikorodu ko Ijebu ya yi mana wani irin kallo, wataƙila abin ya girme mu duka.

Abu na biyu, babu wanda ya kai baƙo bukatar ɗan sanda mai adalci. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Shagamu da Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021, sun san cewa ran da gari ya rikice, ɗan gari yana da ƙauyen da zai gudu, mu kuwa sai caji ofis da bariki. Don haka maganar gyaran aikin ɗan sanda tamu ce, kada mu bar wa wasu. Muna kira ga sarakunanmu da shugabannin kasuwa su riƙa halartar taron da ake yi tsakanin 'yan sanda da jama'ar unguwa, su san manyan jami'an yankinsu tun ana zaman lafiya, su kuma riƙa tafiya tare da shugabannin masu masaukinmu, kada kowa ya je shi kaɗai. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, masu jin Hausa da Yarabanci kamar ruwa, in sun yi karatu suna sha'awar aikin, a ƙarfafa musu gwiwa, domin suna da abin da Hausawan Goloba ba su samu ba, wato sanin mutanen da za su tsare.

Na uku kuma, wanda ya fi damunmu, shi ne samarinmu da ke sauka kullum daga Arewa, ba dangi ba sana'a, ba wanda ya san inda suke kwana. Irin waɗannan su Goloba ya nema a 1863, irinsu kuma 'yan siyasa da masu rigimar fili suke nema a yau idan suna son wanda zai riƙe musu gora. In ƙungiya ba ta karɓe su ta rubuta sunayensu ta nema musu abin yi ba, wani zai karɓe su, kuma ran da ƙura ta lafa shi zai koma gidansa, mu a bar mu da maƙwabta.

Allah ya jiƙan Musulmin da suka riga mu kwanciya a wannan ƙasa ta Kurmi, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.